Allin da Na Goge a Ƙofar Madam Danuta

Aubervilliers, kusa da Paris, ranar Litinin da hantsi

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a masauki, Ya sa ki shiga Lyon da ƙafar dama, ki dawo mana da abin da kika je nema. Amin.

Na san za ki yi dariya, ki ce yau kuma Inna ce da rubuta wasiƙa, alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki. To, yi dariyarki. Ke 'yar fari ce, ko sunanki na yanka ban iya kamawa a bakina, balle in zaunar da ke in dubi idonki in faɗa miki abin da na aikata. Shi ya sa na ɗauko biro.

Ga akwatinki can a ɗaure, ranar Asabar za ki tafi karatun haɗa magunguna. Kin san babanki bai yarda da tafiyar nan ba sai da aka ce a gidan Madam Danuta za ki zauna, tsohuwar maƙwabciyarmu 'yar ƙasar Poland, wadda kike kira Tanti. Ya rantse ba za ki kwana a gidan ɗalibai ba, kuma kin san in ya rantse magana ta ƙare. To, akwai wani abu da na yi wa matar nan yau kusan shekara bakwai, ba ta sani ba, babanki bai sani ba. Ranar Alhamis zan hau jirgin ƙasa in je in same ta. Na ce wa babanki ɗakin da za ki zauna zan dubo, amma gaskiyar ita ce zan je in faɗa mata. Idan ta ji ta rufe mana ƙofa, karatunki na bana ya tafi, kuma ni ce sanadi. Na auna na sāke aunawa, na ga ba zan iya tura ki ki ci abincinta ki kwana a ɗakinta da wannan abu a wuyana ba. Ina so ki san dalili daga bakina, ko ta wace hanya abin ya ƙare.

Amma bari in faro daga ƙananan laifuffuka, don ba rana ɗaya na kai ga babban ba.

Lokacin da muka zo daga Damagaram kina da shekara tara. Babanki ya kama mana wannan gida a hawa na huɗu, kusa da manyan ɗakunan ajiyar kaya inda yake sarin shadda da atamfa. Ƙofarmu tana kallon tasu. Ita ɗinki take yi a gida, mijinta Yuzef kuma direban babbar mota ne, dogo mai gashin baki, wanda babanki ya raɗa wa Malam Yusufu. Allah bai ba su haihuwa ba. Ba mu yi mako guda ba ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da kwano a hannu, cike da wasu 'yan curi-curi na fulawa da aka cusa wa nama da kabeji. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya da 'yar Faransancin da na iya, tana juya baya na juye shi a kwandon shara. A raina na ce naman alade ne, me kuma Bature zai dafa in ba shi ba? Na wanke kwanon tas, na mayar mata, na ce ya yi daɗi ƙwarai. Da ta ji ya yi daɗi sai ta ƙara himma. Wata uku cur tana kawowa, ina zubarwa, ina yabawa.

Ran nan na je sayen nama wajen mahaucin nan Balarabe na bakin titi, sai ga ta a layi gabana. Na ce, "Madam, ke ma nan kike saye?" Ta ce, "Naku nake saye a nan. Namu yana can wani wuri." Da muka dawo ta ja ni madafarta, ta nuna mini wata tukunya sabuwa da ta ɗaura wa jan zare a hannu. Ta ce tun ranar da ta gan ni da kallabi ta saye ta, kuma ta gargaɗi Yuzef cewa ran da ya sa abincinsa a ciki, ran nan zai kwana a mota. Ummi, na rasa inda zan sa kaina don kunya. Daren nan na ci abincinta a karon farko, har na lashe yatsa.

Don haka abu na farko da zan gaya miki, ki riƙa tambaya. In an ba ki abin da ba ki sani ba, ki ce, mene ne a ciki? Ba raini ba ne. Abin da addininki ya hana ki, ki faɗa a fili da fara'a, sau ɗaya ya isa. Kada ki yi irin tawa, ki yaba da baki ki zubar a ɓoye. A gidanta akwai alade, akwai giyar da take ajiye wa baƙi, ba ruwanki da su. Ranar Juma'a kuwa ki ci da kwanciyar hankali, don su ba sa cin nama ranar, kifi ne da dankali, kuma ko za a yanka ta ba za ta karya wannan ba.

Kuskurena na biyu, na ɗauka Turawa duk ɗaya ne, kuma na ɗauka duk ba su da addini. Abin da na gani ke nan a unguwa, coci a buɗe, ba kowa ciki sai tsofaffi uku da tantabaru. Wata rana tana gwada mini riga na ce mata, "Ai ku Faransawa kun huta, ba salla ba azumi." Sai ta ajiye almakashi. Fuskarta ta yi ja har kunne. Ta ce, "Zainabu, ni ba Bafaranshiya ba ce. Baƙuwa ce kamarki, sai dai ni ba a ganewa sai na buɗe baki."

Ta kai ni ƙuryar ɗakinta. Akwai hoton Nana Maryam a bango, baƙar fuska, da zane biyu a kumatu kamar tsagar mutanenmu, da 'yar fitila tana ci a ƙarƙashinsa. Ta ce wannan ce suke kira sarauniyar ƙasarsu. Ta ba ni labarin da kakarta ta ba ta, cewa an yi zamani mai tsawo da maƙwabta suka raba ƙasarsu a tsakaninsu, har sunanta ya ɓace, aka hana yara magana da harshensu a lakwal, wato makaranta. Wurin da ya rage musu su yi magana da shi da babbar murya shi ne coci da gaban murhu. Ta ce yanzu ma masu mulkinsu ba sa son a ambaci Allah, shi ya sa ranar Lahadi mutane ke cika coci har su tumbatsa kan titi, su durƙusa cikin ƙanƙara. Ni da rashin ta-ido na ce, "To don Allah kuke zuwa, ko don ƙasa?" Ta yi murmushi ta ce, "In kin kwaɓa fulawa da ruwa, ki raba mini su in gani."

Ban yarda da duk abin da ta yi imani da shi ba, har gobe, ita ma ta san haka. Ba mu taɓa yin gardama a kai ba. Amma matar nan ta kunyata ni a kan nawa addinin. Ni ce nan in muka fita da ke cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, nake yi miki Faransancina mai karyayyen ƙashi, don kada a ji Hausa a juyo a dube mu. Ni ce nake barin azahar da la'asar su wuce in ina waje, don ina jin nauyin a gan ni ina shimfiɗa ɗankwali. Ita kuwa sai ta zauna a jirgin nan na layi na bakwai, cikin taro, ta zaro carbinta tana ja, leɓɓanta na motsi, ko a jikinta. Ran da ta ji na yi miki faɗa da Faransanci a matakala, ta tare ni ta ce, "Ki zage ta da harshen uwarki. In kika bari ya mutu a bakinta, da wane harshe za ta yi kuka ran da kika mutu?" Na ji haushi a lokacin, na ce a raina ina ruwanta. Amma daga ranar na koma yi miki Hausa, shi ya sa yau kike iya karanta wannan takarda.

Saboda haka kada ki ji kunyar sallarki a Lyon, ko a lakwal ko a ina. Kada kuma ki ɗauka don kin shiga gidan Kirista za ki samu sauƙi. Ita ce za ta fi ni takura miki. Kin tuna da azumi yadda take leƙa taga, rana na faɗuwa ta bugo mana ƙofa ta ce ku sha ruwa? In ta fara zancen Poland tana hawaye, ki zauna ki saurara, ko kin ji labarin sau goma. Ba siyasa take yi miki ba, gida take tunawa. Ki riƙa rubuto mini da Hausa, ko da kuskure, ni ba malamar lakwal ba ce da zan ja miki jan biro.

Yanzu ga babban.

A saman ƙofarsu, jikin katako, akwai wani rubutu da farin alli. Haruffa uku ne, K da M da B, tsakaninsu da alamar gicciye, sannan lambobi. Na sha ganinsa, ban taɓa tambaya ba, duk da darasin tukunya. A ƙarshen shekarar tamanin da ɗaya Yuzef ya tafi gida duba mahaifiyarsa da ke kwance, da niyyar mako uku. Bai cika su ba soja suka karɓe ƙasar, aka rufe iyaka, aka yanke tarho. Ba ta jin ɗuriyarsa, ba ya jin tata. Kullum tana manne da rediyo, kullum tana coci tana haɗa kwalaye na sabulu da madara da tsofaffin riguna da ake aikawa can. Ta rame har zobenta na zamewa.

Ni kuma a cikin sanyin nan na yi ɓari na biyu a jere. Ke ba ki sani ba, an ce miki zazzaɓi ne ya kwantar da ni. Babanki yana wajen aiki, ita ce ta same ni a ƙasa, ta kira mota, ta riƙe hannuna har asibiti, ta dawo ta dafa miki abinci a tukunya mai jan zare. Ki riƙe wannan a ranki, don ki san girman abin da na yi.

Bayan na dawo gida, Hajiya Mariya 'yar Maradi, wadda ke zuwa sarin turare, ta zo yi mini sannu. Da na rako ta bakin ƙofa sai ta ɗaga kai, ta tsaya cak. Ta ce, "Ke Zainabu, mi nika gani haka? Wanga rubutu tun yaushe shi ke nan?" Na ce tun zuwanmu. Ta kama haɓa ta ce, "La ilaha illallahu! Rubutu da gicciye yana kallon ƙofarki safe da marece, matar da ba ta taɓa haihuwa ba, kuma kina tambayar mi ke zubar miki da ciki? Ke dai kin cika wauta." Ta gyara mayafinta ta sauka abinta.

Ba zan ɗora wa Hajiya laifi ba. Ta faɗi abin da ta sani, ni ce na san matar, kuma na zaɓi in yarda. Kwana uku maganar tana cina. In na buɗe ƙofa sai in ga haruffan nan kamar suna harara ta. Taku biyu ne tsakanina da amsa, in ƙwanƙwasa in ce, Madam, mene ne wannan? Ban yi ba. Ranar Lahadi da safe na ji ta kulle ɗaki ta sauka, za ta cocinsu na cikin Paris inda ake musu addu'a da harshensu. Na ɗauko bokiti da soso da sabulu, na taka kujera, na goge shi sarai har katakon yana ƙyalli. Na sauko ina jin wai na yi jihadi.

Da azahar na ji wani irin ihu a matakala. Na fito na same ta zaune a ƙasa, jakarta a gefe, tana kallon saman ƙofa. Ta ce, "Ya mutu. Zainabu, Yuzef ya mutu." Na ce wa ya gaya miki? Ta nuna katakon. A nan, tana kuka, ta bayyana mini abin da ban tambaya ba. A al'adarsu, kwana shida da shiga sabuwar shekara, ana karɓo alli daga coci wanda limaminsu ya sa wa albarka, maigida ya hau ya rubuta haruffan nan da shekarar a saman ƙofa, roƙo ne Allah Ya tsare duk mai shiga da mai fita. Kowace shekara ana sabuntawa. Wancan Yuzef ne ya rubuta da hannunsa kafin ya tafi. Da sabuwar shekara ta zo ba ya nan, sai ta ƙi taɓawa, ta ce shi zai dawo ya sāke. Kullum in za ta fita sai ta ɗaga kai ta dube shi, ta ce a ranta yana raye.

Ummi, a take na tuna layar da kakanki ya rataya a saman ƙofar zaurenmu a Damagaram, wadda muke wucewa ƙarƙashinta tun muna yara. Abin da na goge ke nan, irin nasu. Bakina ya buɗe zan faɗa, sai tsoro ya rufe shi. Na rungume ta, ina ce mata ƙila yara ne, ƙila mai sharar bene ce. Ta ce a'a, ba wanda zai kai hannu can, Allah ne Ya sanar da ita. Hannun da ya yi ɓarnar shi ne yake shafa mata baya, yana ƙamshin sabulu.

Bayan mako uku takarda ta iso daga ƙanin mijin, an buɗe ta an sāke liƙewa kamar yadda ake yi wa wasiƙunsu a lokacin. Yuzef ya rasu a asibiti da ciwon zuciya, a cikin makon nan da na goge rubutun. Na sani sarai ajali ne, soso ba ya kashe mutum. Amma na share abu na ƙarshe da ya rubuta mata a gidan nan, kuma ba ta samu ko zuwa jana'izarsa ba. Daga nan ta riƙe labarin kamar abin wuya. Kin sha jin ta tana ba da shi a kan tabarmarmu ranar Salla, yadda Allah Ya share allin don Ya shirya zuciyarta. Ni kuma ina zuba mata miya ina cewa ikon Allah. Da ta tashi komawa Lyon kusa da 'yar uwarta, ni na taya ta ɗaure kaya, kuma ban faɗa ba. Na riƙa gaya wa kaina cewa tausayinta nake ji, kada in raba ta da abin da ke sanyaya mata rai. Ƙarya nake yi, kaina nake tausaya wa.

Ga abin da nake so ki ɗauka daga nan. Duk abin da kika gani a gidan mutane ba ki gane shi ba, kada ki kai masa hannu. Za ki ga ruwa a 'yar kwalba a bakin ƙofarta, za ki ga busasshen reshe a bayan hoto, za ki ga tana yi wa burodi alama da wuƙa kafin ta yanka, in ya faɗi ƙasa ta ɗauka ta sumbace shi. Daren Kirsimeti za ta ajiye faranti ɗaya da ba mai shi, wai don baƙon da zai iya zuwa, kada ki ce za ki taimaka ki kwashe. Ba a ce ki yi abin da take yi ba, kuma ba za ta nema ba. Ki riƙe naki da kyau, ki bar mata nata. Sannan ki yi hankali da ranar da kike cikin baƙin ciki, don a ranar ce kowace magana ke samun wurin zama a zuciya. In wani ya zo ya gaya miki mugun abu a kan wanda ya taɓa riƙe hannunki a asibiti, ki tuna da hannun tukuna. In kuma kika yi laifi, ki faɗa da wuri. Nawa da na faɗa a ranar, da kuka ɗaya za a yi. Yanzu ga shi ya girma har ya kai ga akwatinki.

Zan tsaya nan sai na dawo. Ki yafe mini tun kafin ki san yadda za ta kaya.

Ranar Juma'a, bayan la'asar

Na je, na dawo.

Gidanta yana kan tudu, sai an hau matakala mai yawa, na isa ina haki kamar tsohuwar jaka. Ta tsufa, Ummi, gwiwoyinta sun kumbura, da sanda take tafiya. Kafin in shiga na ɗaga kai, saman ƙofar fayau, ba rubutu. Ta rungume ni, ta ja ni kai tsaye ɗakinki. Ta ɗinka miki labule sabo. Ta cire gicciyen da ke saman gadon da kanta, har ana ganin shatinsa a bango. Ta je ta tambayi wani mai kanti Balarabe inda alƙibla take, ta manna 'yar takarda a kusurwa. A madafa kuma ga tukunyar nan, zaren ya koɗe amma yana nan. Da na ga wannan sai na ji gara a ce duka ta tare ni da shi.

Ta zuba shayi, ban iya sha ba. Na ce, "Madam, ki zauna, akwai maganar da na zo da ita." Na faɗa mata duka, da ɓarin, da Hajiya, da bokitin. Ban rage komai ba.

Ta tashi da sandarta ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Na zauna ina jin agogon bango, ina lissafin yadda zan dubi idonki in ce ki kwance kaya. Shayin ya huce, inuwa ta tashi daga taga ta koma bango. Har na ɗauki jakata sai ta fito, idanunta jawur.

Ta ce, "Shekara bakwai, Zainabu. Ina ba da labarin nan a gidanki, kina zuba mini miya."

Na ce, "Haka ne."

Ta ce, "K ɗinsa a karkace yake yin ta kullum. Ina yi masa tsiya, yana cewa kujerar ce ke rawa. Ba ni da wata irinta ko a takarda."

Nan na fashe da kuka. Na ce na raba ta da rubutun, yau kuma na zo na raba ta da ishara, ashe ba Allah ne Ya sanar da ita ba, wata wawuya ce da soso. Sai ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Wa ya gaya miki? Saboda ƙofar nan na yi kukana mako uku kafin takarda ta zo. Ran da ta zo a tsaye ta same ni, ban fāɗi ba. Da wa kike so Ya aiko, mala'ika da bokiti? Ke ce kusa, ke Ya aiko." Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini cikin kukan ba, ita ma ta yi, muka zauna kamar mahaukata biyu.

Ta share fuska ta ce, "Na yafe miki, don an umarce ni in yafe, kuma don ina son ki. Amma ki bar ni in yi fushi da ke zuwa Kirsimeti. Kada ki bugo mini tarho kafin nan." Na ce na yarda, ko zuwa baɗi ne. Sai na yi ƙarfin hali na ce, "To yarinyar fa?" Ta dube ni kamar na zage ta. Ta kama sunanki na yanka ta ce, "Hadiza ce ta riƙe bokitin? Ranar Asabar ina tasha ina jiran ta. Ki ce ta zo da rigar sanyi mai kauri."

Da ta rako ni bakin ƙofa, ita ma ta ɗaga kai ta dubi katakon. Ta ce tun rasuwar Yuzef ba ta sāke karɓo alli ba, don ba ta ga wanda za ta roƙa wa tsari ba, ita kaɗai ke shiga ita kaɗai ke fita. Ta ce, "Bana akwai. Yarinya za ta riƙa fita da sassafe cikin garin da ba ta sani ba. Zan rubuta, in ba za ki zo da sosonki ba." Na kama hannunta na riƙe.

Don haka ki bar akwatinki a ɗaure, gobe za ki tafi. Na gaya wa babanki komai jiya da na dawo. Ya ce Allah Ya jiƙan maƙwabtaka irin ta Malam Yusufu, ya tashi ya fita.

Saura abu ɗaya. In watan Janairu ya kama, za ta dawo daga coci da alli a jaka, za ta jawo kujera ta ce za ta hau, kuma kin san ba a hana ta abin da ta sa kanta. Ba na ce ki rubuta mata ba, rubutun nata ne. Ke kina da Ayatul Kursiyyu, ki karanta kullum in za ki fita, ki yi bisimilla in za ki shiga. Amma gwiwoyin nan nata ba za su ɗauke ta ita kaɗai ba. Ki tsaya a ƙasa ki riƙe mata kujerar da hannu biyu, ki riƙe da ƙarfi har ta gama ta sauko. Ni na taka kujera na goge, ke ki riƙe a rubuta.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki da sharrin zuciyarki. Ya buɗe miki karatu, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa ki gama da mu lafiya. Ya ba Tantinki lafiyar ƙafa da tsawon kwana. Babanki yana sa miki albarka, ni ma na sa miki, duniya da lahira. Ki gaishe ta, amma kada ki ce daga gare ni, sai bayan Kirsimeti.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Zainabu